Zaɓen Kano, Zaɓen Abuja, da Yaron da Ke Alkafura a Gagarawa

Ranar 12 ga Yunin 2017 wakilan hukumar ƙwallon kwando ta Najeriya suka taru a Kano suka sake zaɓen Tijjani Umar a matsayin shugaba. Washegari, 13 ga wata, wasu wakilan suka taru a Abuja bisa ƙa'idojin da ma'aikatar wasanni ta Solomon Dalung ta shimfiɗa, suka zaɓi Musa Kida. Cikin kwana biyu hukuma ɗaya ta wayi gari da shugabanni biyu, kowa da takardunsa, kowa da lauyoyinsa, kowa kuma na rantsuwa shi ne halattacce.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda irin wannan ke faruwa, don ba son rai kaɗai ke haifar da shi ba, har da yadda aka gina tsarin. Kowace hukumar wasa ta ƙasa tana da iyayen gida biyu. Na farko gwamnati, wadda ke biyan kuɗin jirgi da masauki da alawus, don haka take ganin tana da ta cewa a kan wanda zai riƙe ragama. Na biyu hukumar duniya ta wannan wasa, wadda dokarta ta haramta wa gwamnati tsoma baki, kuma ita ke da ikon cewa wane ne zai shiga fili. Duk ɗan takarar da ya ga ba zai kai labari a ƙarƙashin ƙa'idar ma'aikata ba sai ya ruga ga kundin tsarin mulkin hukuma, wanda kundin bai yi wa daɗi ba kuwa sai ya fake da minista. Daga nan sai kotu.

Na ƙwallon kwando bai tsaya a 2017 ba. A ƙarshen Janairun 2022 aka maimaita: Musa Kida a birnin Benin, Igoche Mark a Abuja. A watan Mayu gwamnatin Buhari ta ce ta janye Najeriya daga wasannin ƙasa da ƙasa na shekara biyu don a gyara gida. Wa abin ya faɗa wa? 'Yan matan D'Tigress, tawagar mata ta ƙasa, waɗanda suka ci kofin Afirka a 2017 da 2019 da 2021 a jere, suka kuma samu gurbin gasar cin kofin duniya a Sidni da guminsu. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta miƙa gurbin ga Mali, ƙasar da suka doke a wasan ƙarshe a Yawunde. Kocinsu Otis Hughley ya ajiye aiki. Da gwamnati ta lashe amanta a watan Yuni, bakin alƙalami ya riga ya bushe. 

Wasan guje-guje ma haka. Ranar 14 ga Yunin 2021 ɓangaren Ibrahim Shehu Gusau ya yi zaɓensa a Kebbi, ɓangaren da ya fitar da Tonobok Okowa ya yi nasa a Abuja. Wata guda da 'yan kwanaki bayan haka aka hana 'yan wasanmu 10 shiga gasar Olamfik a Tokiyo, ba don an kama su da shan ƙwaya ba, sai don ba a yi musu adadin gwajin da doka ta tanada kafin gasa ba. Aikin ofis ne, na mutanen da hankalinsu ya tafi ga wanda zai hau kujera.

Matsayin koci a cikin irin wannan dambarwa shi ne abin da aka fi rashin fahimta, kuma a wasan alkafura da lanƙwasa jiki, wato jimnastik, abin ya fi fitowa fili. A wannan wasa yarinya kan fara tun tana 'yar shekara biyar ko shida, hannun koci ɗaya ke tare ta idan ta juya a sama, shi ne ya san tsoronta da raunin gwiwarta. Wanda ya mallaki koci ya mallaki 'yar wasa. A Japan, cikin watan Agustan 2018, hukumar jimnastik ta dakatar da Yuto Hayami saboda dukan ɗalibarsa Sae Miyakawa. Sai yarinyar, tana da shekara 18, ta kira 'yan jarida. Ba ta musa dukan ba, amma ta zargi shugabar horar da mata, Chieko Tsukahara, da mijinta Mitsuo, mataimakin shugaban hukumar, da cewa so suke su raba ta da kocinta su ja ta zuwa kulob ɗinsu. Kwamitin binciken da aka kafa bai tabbatar da zargin cin zalin da ta yi musu ba. Ita dai gasar duniya ta Doha ta waccan shekarar ta wuce ba da ita ba.

A ganina duka ɓangarorin suna da abin faɗa, kuma wannan ne ke sa irin rikicin ya yi wuyar warwarewa. Dukan yaro a wurin horo laifi ne, ko da yaron ya ce ya yafe. Haka kuma idan mai hukunta koci shi ne mai kulob ɗin da zai amfana da korarsa, to hukuncin ya gurɓace ko da daidai ne. A nan gida ma sau da yawa ba a auna koci da abin da ya iya, ana auna shi ne da ɓangaren da ya ɗauko shi.

To, ina ruwan mutumin Gagarawa ta jihar Jigawa da wannan duka? Duk wanda ya san ƙauyukan ƙasar Gumel ya san yaran da ke alkafura a rairayi da yamma, wani ya yi uku a jere hannunsa bai taɓa ƙasa ba, wani ya yi tafiya da hannu daga wannan bango zuwa wancan. Masu langa kuwa ba a maganar daidaiton jikinsu. Irin wannan yaro, a ƙasar da tsari ke aiki, malamin motsa jiki na firamare zai lura da shi, a kai shi gasar ƙaramar hukuma, daga nan Dutse, daga nan gasar matasa ta ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 15, irin wadda aka sha yi a Ilorin da Asaba. Kowane mataki na buƙatar hukuma mai shugaba ɗaya da jadawali ɗaya. Idan shugabanni biyu ne, kamfanin da zai ɗauki nauyin gasa ba ya sanin wanda zai sa hannu da shi, sai ya riƙe kuɗinsa. Kwas ɗin horar da kociyoyi ya tsaya. Ƙungiyoyin jihohi su koma ƙuri'u kawai, ana tuna su sa'ad da zaɓe ya matso. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shari'ar shekara huɗu ba komai ba ce a wurin mai neman kujera, amma ta isa ta cinye damar ɗan shekara takwas gaba ɗaya.

Abin da ke rufa wa shugabannin nan asiri shi ne lambobin da ake ciyowa. Uche Eke ya ci zinare a gasar Afirka ta Rabat a 2019, ya kuma zama ɗan jimnastik na farko da ya wakilci Najeriya a Olamfik. Abin alfahari ne, amma a Amurka aka haife shi, a can aka horar da shi, a Jami'ar Michigan ya goge. Yawancin 'yan D'Tigress da suka kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Olamfik na Faris a 2024 a ƙarƙashin Rena Wakama su ma makarantun Amurka da kulob-kulob na Turai ne suka raine su. Hukumar da ke samun ƙwararrun da wasu suka gama yi wa wahala ba ta jin zafin mutuwar gasar cikin gida, shi ya sa faɗan kullum a kan tawagar ƙasa da tafiye-tafiyenta yake, ba a taɓa jin an kai juna kotu a kan wanda zai kai katifun horo makarantun Maigatari ko Sule Tankarkar ba.

A Oktoban 2024 gwamnatin Tinubu ta rushe ma'aikatar wasanni ta dawo da Hukumar Wasanni ta Ƙasa a ƙarƙashin Shehu Dikko. Sauyin suna bai taɓa tushen matsalar ba, domin har yanzu mai biyan kuɗi daban, mai ba da izinin shiga fili daban. Inda jiha irin Jigawa ke da hannu shi ne a wakilan da take turawa zaɓen waɗannan hukumomi. Ya kamata 'yan majalisar jiha masu wakiltar Gumel da Gagarawa su nemi sanin ko su wane ne ke ɗauke da sunan Jigawa a kowane wasa, wa ya naɗa su, wa suka zaɓa, kuma gasa nawa suka shirya wa 'yan firamare tun daga lokacin.