Ɗan Koyon Injiniyan Sadarwa a Arewacin Zamfara: Sana'ar da Ake Koya a Gindin Turke

Tun daga watan Agustan 2001, lokacin da kamfanonin MTN da Econet suka fara sayar da layukan wayar salula a Nijeriya, wata sabuwar sana'a ta samu gindin zama, wato aikin injiniyan da ke fita fili domin kula da turakun sadarwa, waɗanda jama'a ke kira ƙarfen sabis. Ɗaya daga cikin ƙofofin shiga wannan sana'a a arewacin Zamfara ita ce Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983. Ɗalibin da ya karanci lantarki yakan fita koyon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES na hukumar ITF, ko kuma a shekara gudan da ake yi a masana'anta bayan ƙaramar difloma. Wasu kuwa ba su bi ta makaranta ba. A hannun maigida suka tashi, kamar yadda ake tashi a garejin kanikawa.

Abu na farko da yakan ba ɗan koyo mamaki shi ne sanin wanda zai yi wa aiki. Tun wajen 2014 manyan kamfanonin waya suka sayar da dubban turakunsu ga kamfanoni irin su IHS da ATC, suka koma 'yan haya a kansu. Su kuma masu turakun sukan danƙa kulawar yau da kullum ga 'yan kwangila. Saboda haka galibi a hannun ɗan kwangila matashi yake koyon aikin, ba a ofishin kamfanin da sunansa ke fitowa a fuskar waya ba.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Ɗan koyo yakan zo da zaton cewa aikinsa hawa sama ne da gyaran eriya, sai ya tarar mafi yawan abin da ke kashe sabis yana ƙasa, a gindin turke. Na'urorin tashar suna aiki ne da wutar batir mai ƙarfin bolt 48, kuma akwai na'urar da ke juya wutar janareta ko ta layin gwamnati zuwa irin wannan wuta, tana ciyar da kayan aiki tana kuma cika batura. Inda wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce, janareta da batura, wani lokaci da faifan hasken rana, su ne ran tashar. Don haka watannin farko sukan ƙare ne a auna dizal, da canza baƙin mai da matatar iska, da gwada lafiyar batura ɗaya bayan ɗaya. Matashin da ya raina wannan mataki, yana ganin aikin mai gadin janareta ne, da wuya ya zama gwani, domin injiniyan da bai iya karanta matsalar wuta ba zai yi ta neman cuta a sama alhali tana ƙasa.

Yanayin yankin ma malami ne. Ƙurar hunturu tana toshe matatun janareta, tana lulluɓe faifan hasken rana. Zafin bazara yana rage wa batura kwana. Da damina kuwa, iska takan karkatar da kwanon da ke aika saƙo daga turke zuwa turke, tsawa kuma takan ƙone kayan tashar da wayar da ke kai wuta ƙasa ta yi tsatsa ko aka sace ta.

Batun kwanon nan yana buƙatar bayani, domin a nan ne ɗan koyo ke fara fahimtar cewa turke ba ya zaman kansa. Inda wayar fayiba ba ta kai ba, tashoshi suna miƙa wa juna saƙo ne ta iska, kowane kwano yana kallon ɗan'uwansa kai tsaye daga nisan kilomitoci, ba tare da tudu ko gini ya gitta ba. Tashoshin sukan zama kamar sarƙa: idan wadda ke tsakiya ta mutu saboda ƙarewar dizal, duk waɗanda ke bayanta sun yi shiru ko da lafiyarsu ƙalau. Wannan ne ya sa mutumin ƙauye zai ga turken garinsu a tsaye, janareta na ruri, amma wayarsa ba sabis. Daidaita kwano aiki ne na mutum biyu a kan turaku biyu, ana juyawa kaɗan-kaɗan ana duba ma'auni. Sai an daɗe kafin a bar ɗan koyo ya hau, kuma ba ya hawa sai da ɗamarar kariya da hular kwano, ba ya tsayawa a gaban eriya mai aiki, ba ya hawa idan hadari ya haɗo.

Duk wannan ana iya koyar da shi a Zariya ko Kano. Abin da ya bambanta arewacin Zamfara shi ne hanya. Titin da ya tashi daga Ƙauran Namoda ya bi ta Moriki zuwa Shinkafi, da wanda ya nufi Zurmi ya zarce Jibiya a Jihar Katsina, sun daɗe suna fama da 'yan bindiga masu tare matafiya. Ƙararrawar lalacewar tasha tana isa cibiyar sa ido nan take, amma motar dizal da injiniya sai hanya ta yi kyau. A nan ɗan koyo ke koyon abin da babu shi a manhaja: tuntuɓar mai gadin tasha da direbobin tashar mota kafin a tashi, gaida mai unguwa kafin a buɗe ƙofa, kammala aiki da sauran rana, da kuma iya cewa yau ba za a je ba, ko da ofis na matsa lamba.

Akwai kuma nauyin da turken kansa yake ɗauke da shi. Sabis ɗin da manomi ke sanar da maƙwabta cewa mahara na tafe, shi ne wanda ake kiran iyalai da shi a nemi kuɗin fansa. Wannan ne dalilin da aka bayar a farkon Satumban 2021, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su rufe sabis a duk faɗin Zamfara bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle. An ce mako biyu ne, amma a yankunan karkara abin ya kai watanni. Mayar da tashar da ta daɗe a kashe ba danna maɓalli ba ne kawai, domin batirin da ya jima a sauke yakan lalace, janaretan da ya jima bai tashi ba yakan ƙi tashi. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, sai dai doka a takarda ba ta raka motar dizal zuwa Zurmi.

Illar da ba a cika magana a kanta ba ta shafi koyon kansa. Sana'ar nan da ido da hannu ake ɗaukar ta, a gefen wanda ya iya. Idan tafiya ta zama kasada, maigida mai hankali yakan rage mutanen da ke cikin mota, kuma ɗan koyo ne farkon wanda ake bari a gari. Sai ya ƙware a tashoshin cikin Ƙaura da Gusau, amma bai san na ƙauyukan Shinkafi da Zurmi ba, alhali ɗan yankin, wanda ya san mutane da hanyoyi da lokutan da ake bin su, shi ne wanda tashoshin nan suka fi buƙata.