Akwati Cike Da Yayi, Amma Babu Na Zuwa Awo

Duk wanda ya taɓa halartar awure ko suna a Nima, ko Sabon Zango, ko Aboabo ta Kumasi, ya san matanmu ba su da na biyu wajen ado. Ga leshi, ga shadda, ga ɗaurin kallabi mai hawa-hawa, mayafi ya dace da takalmi, takalmi ya dace da jaka, har maƙwabtanmu Asante da Ga sukan tsaya a bakin hanya su sha kallo. To, amma a koma wannan unguwa ranar Talata da hantsi, a leƙa asibiti wurin awon jarirai, ko bakin makaranta lokacin da ake kai yara. Matar nan da ta haska fili ranar Lahadi, ita ce za a gani da tsohuwar rigar maigida, da zanen da ya sha wanki har ya koɗe, ta lulluɓe su duka da ƙaton hijabi don kada ido ya gani. In aka tambaye ta sai ta ce ai ba ta da kayan sawa, alhali kuwa akwatinta ko rufuwa ba ya yi.

Kuma gaskiya ta faɗa. Akwatin cike yake, amma da kayan biki. Na yau da kullum, wanda uwa za ta sa ta yi goyo, ta shayar, ta shiga trotro, ta sauka a kasuwa tana mai jin daɗin jikinta, shi ne babu.

Kamar yadda kowa ya sani, a zango ba a yin sha'ani sai an fitar da yayi, wato abin nan da 'yan'uwanmu na Nijeriya da Nijar ke kira anko. Asalinsa abu ne mai kyau, don yana nuna dangi da ƙawaye sun haɗa kai, kuma a da yakan rufa asirin wadda ba ta da hali, tunda kowa iri ɗaya ya sa. Sai dai yanzu abin ya wuce gona da iri. Biki ɗaya sai a fitar da na dangin amarya, da na dangin ango, da na ƙawaye, da na 'yan ƙungiya, wani lokaci ma na safe dabam na yamma dabam. A ce mace ta shiga yayi shida kacal a shekara, kowanne yadi 6. Yadi 36 ke nan, ban da kuɗin tela, ban da mayafi da takalmi. Kowanne kuwa sau ɗaya ko biyu za a sa shi, don in ta maimaita shi a wani bikin, a nan take za a tuna na auren wance ne. Kuɗin da za a yi wannan hidima daga ina yake fitowa? Daga adashi, daga jarin waake ko na koko, daga kuɗin makarantar yara, wani lokaci daga bashin da sai an yi wata uku ana ɓuya wa mai shi. Gidaje nawa ne aka kwana ba a magana saboda yayi? Masu karatu sun fi mu sanin amsa.

Iyayenmu da kakanninmu ba su fi mu kuɗi ba, amma sun fi mu tsari. A dubi yadda ake raba turmin atamfa a nan Gana tun da can. Yadi 6 ne, a yanka shi uku: biyu na riga, biyu na zane ko siket, biyun ƙarshe kuma a bar shi haka nan ba ɗinki sai kalmasa. Wannan na ukun shi ne sirrin abin. Da shi ake goyo, da shi ake yafawa in an ji sanyin asuba, da shi ake shimfiɗa wa yaro in barci ya ɗauke shi a gidan mutane, da shi ake kare ƙirji in za a ba da nono a cikin jama'a. Wato tun wajen yanka an riga an yi lissafi da cewa mai kayan nan uwa ce. Yau kuwa sai a miƙa wa tela turmin gaba ɗaya, ya ƙarar da shi a doguwar riga mai jan ƙasa da hannu kamar fukafukin jirgi, sa'an nan a rasa abin goyo sai tsohon tawul.

Maganar tela ita ce muke so mu ɗan daɗe a kanta, domin a nan ne yawancin gyaran yake, kuma ba ya cin wani kuɗi mai yawa.

Jikin mace yakan sauya bayan haihuwa, wannan ba abin kunya ba ne. Ƙirji ya cika, ƙugu ya buɗe, ciki kuma ba ya komawa a kwana arba'in duk da ruwan zafin da aka sha a wankan jego. Kuskuren da ake yi shi ne a ajiye kayan amarci ana jiran ranar da za su sake shiga, a zauna cikin tsumma har shekara ta zagayo, kafin nan kuma wani cikin ya samu. Abin da ya fi shi ne a je a yi sabon awo a kan jikin da ake da shi yau. A ce wa tela ya bar rara a cikin ɗinki, kamar faɗin yatsa biyu kowane gefe, yadda za a iya saki ko a tsuke daga baya. Siket kuwa a sa masa igiya ko roba a ƙugu maimakon zif kaɗai. Su matan Gana ai tun asali haka suke ɗinka silit ɗinsu na kaba, da igiya, kuma galibi akan naɗe ragowar yadin a ciki ba a yanke shi ba, shi ya sa za ka ga tsohuwa da kayan da ta ɗinka tun tana amarya.

Sai shayarwa. Addininmu ya yi maganar shekara 2 ga mai son cika shayarwa, likitoci ma suna cewa nono zalla wata 6, sa'an nan a ci gaba tare da abinci har shekara 2 ko fiye. To, shekara 2 ba kwana 2 ba ne. Matar da ta haifi 'ya'ya huɗu ta shafe kusan shekara 8 tana buɗe ƙirji sau da yawa a kowace rana. Amma duk da haka sai ka ga abaya ko doguwar riga an ɗinke ta ruf daga wuya har ƙafa, zif ɗin ma a baya yake, in yaro ya yi kuka a mota sai uwa ta rasa yadda za ta yi. Zif ɗaya a gaba, ko biyu gajeru a ɓoye cikin ɗinkin ƙirji, ko maɓallai uku, sun raba wannan gardama. Telolinmu sun iya, ba a dai tambayarsu ne. A kuma roƙe su aljihu. Ba mu san wanda ya yanke hukuncin cewa rigar mace ba ta bukatar aljihu ba, amma tabbas bai taɓa riƙe yaro da hannu ɗaya yana laluben kuɗin mota da ɗayan ba.

Duwatsu da ƙyalƙyali a kafaɗa ko a baya, a bar su sai an yaye. Kuncin jariri a nan yake kwanciya, kuma abin da ya ɓalle, baki zai kai shi.

Wajen zaɓen yadi, mu a ƙasar nan Allah ya yi mana gata. Kamfanin GTP yana Tema tun 1966, ATL kuma an kafa shi a Akosombo a 1967, ga Printex a Akra. Ita kuwa 'yar Holan da iyayenmu ke ji da ita, ta kamfanin Vlisco ce, wanda aka kafa tun 1846 a garin Helmond, kuma GTP ɗin ma a ƙarƙashinsa yake. Babu mai musun kyanta, sai dai tsadarta ta sa ta zama kayan lefe da ajiya. A ɗaya gefen kuma ga atamfar Sin ta cika Makola da Kejetia, wata da sunanta na kanta, wata kuwa an kwaikwayi zane da tambarin wasu. A cikinta akwai mai kyau akwai ta banza. Abin da uwa za ta duba shi ne auduga. A murza bakin yadin a hannu, a duba ciki da waje: atamfa ta gaske launinta ya ratsa fuska biyu kusan daidai. Wadda ta cika santsi da sheƙi kamar leda, roba ta yi mata yawa, ba ta shan gumi, kuma a zafin watan Maris mai goyo da ɗan goyonta duka za su ji a jikinsu, ƙuraje su feso wa yaro a ƙirji. Launi kuma a nemi mai cikar zane, wanda tumbuɗi ko ɗigon miya ba zai tona masa asiri ba. Maƙwabtanmu Akan sukan sa farin zane bayan haihuwa don nuna farin cikin an sauka lafiya, al'ada ce mai ban sha'awa, amma su ma ba da shi suke shiga madafa ba.

Su ɗin dai har sunaye suke ba atamfa. Akwai mai hoton tsuntsu a guje da suke kira Sika Wo Ntaban, wato kuɗi na da fiffike. Wadda za ta shiga yayi na bakwai a shekara, da ma shi aka fitar mata.

Kada kuma a raina gwanjo, wanda a nan ake ce wa obroni wawu. Kasuwar Kantamanto a Akra tana cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya, an ƙiyasta tufafi kusan miliyan 15 ke shiga cikinta kowane mako. Gobarar da ta tashi a farkon Janairun 2025 ta cinye babban ɓangarenta, ta bar dubban 'yan kasuwa da hannu biyu, cikinsu har da 'yan'uwanmu, amma sun sake kafa rumfunansu. A can ne mai ƙaramin ƙarfi za ta samu rigunan auduga masu maɓalli a gaba, da dogayen siket, da kayan sanyi na yara don hunturu. Sharaɗin dai shi ne a yi sammako lokacin da ake kwance dila, a duba hammata da wuya da zif, a wanke sosai a shanya a rana kafin a sa. Masu bincike sun ce kusan kashi 40 cikin 100 na abin da ke shigowa shara yake komawa, saboda haka araha kaɗai ba ta isa dalilin saye ba. Kayan ciki kuwa a sayi sabo. Tun 1994 doka ta hana shigo da na gwanjo, kuma mai shayarwa ita ta fi kowa bukatar rigar nono mai tsabta wadda ta yi mata daidai.

Akwai kuma 'yan'uwanmu ma'aikata, malaman makaranta da na asibiti da na banki, waɗanda yawansu ke ƙaruwa a zango. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ba mai haihuwa hutun aƙalla mako 12, wato tana komawa aiki jikinta bai gama komawa ba. Su ma atamfa ta isar musu. Tun da gwamnatin Shugaba Kufuor ta ƙaddamar da shirin sa kayan gida ranar Juma'a a 2004, atamfa ta samu shiga ofis da mutuncinta. Siket baƙi ko ruwan ƙasa guda biyu, riguna huɗu na atamfa, da mayafai uku marasa ado, za su kai mace mako biyu ba a ce ta maimaita ba. Takalmi kuma mai shimfiɗaɗɗen ƙasa. Wadda ta taɓa tsallake kwatar Nima da goyo a lokacin ruwan watan Yuni ba ta bukatar a yi mata bayani.

Ba za mu wuce ba mu taɓo iyayen gida maza ba. Tufatar da iyali wajibi ne a kan miji kamar ciyarwa, malamanmu kullum suna faɗa. Amma da yawa sun ɗauka lefen da aka kai shekara 10 da suka wuce ya ɗauke musu wannan nauyi har abada, sai fa kayan Salla in an matsa. Alhaji, matar da kake cewa ta daina kwalliya tun da ta haihu, yaushe rabon da ka shigo mata da yadi 6 ba don biki ba? A wancan ɓangaren kuma, Hajiya, kwalliyar da aka tanada wa 'yan biki kaɗai, mutanen gida ma suna da ido. 'Yarki mai shekara 8 tana kallo, kuma abin da take koya shi ne mace tana ado ne har ranar da ta zama uwa.

Wani abu da muke roƙo a raba shi da kwalliya shi ne man bilicin. Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa ta hana shigo da man shafawa mai sinadarin hydroquinone tun 2016, amma har yau ana samunsa a ɓoye. Mai shayarwa da ta shafa shi a ƙirji da hannu, fatar jaririnta ma ta shafa. Man kaɗanya yana nan a kowace kasuwa, daga arewa ake kawo shi.

To, yaya za a yi da tulin yayin da ya riga ya cika akwati? A fito da shi rana ɗaya a baje a kan gado. Na atamfa da shadda, a kai wa tela ya rage hannun, ya yanke jelar, ya buɗe gaba, sai ya koma kayan zuwa awo da kasuwa. Abin da aka yanke ya isa rigar yarinya ko majanyi. Wanda ba ya gyaruwa a bayar, akwai masu bukata a cikin dangi. In an zo wanki, a juya atamfa ciki waje, a yi amfani da sabulun sanda maimakon garin sabulu mai ƙarfi, a shanya a inuwa, za ta yi shekaru ba ta koɗe ba. Shugabannin ƙungiyoyin mata kuwa, magajiyoyinmu, su ke da ikon da ya fi na kowa a wannan magana, don su ake kai wa samfurin yayi kafin a fitar. In suka ce biki ɗaya yayi ɗaya, kuma na atamfar auduga da za a iya sawa bayan an watse, babu amaryar da za ta ja da su.