Mesar da ke yajin cin abinci: Yadda masu kiwon macizai ke fama da sauya mata cima

Akasarin mutanenmu idan suka ga maciji a gida, sanda suke rarumowa. Amma a Amurka da Turai akwai dubban gidajen da maciji ke kwance cikin akwatin gilashi a falo, an raɗa masa suna, ana saya masa abinci da kuɗi, kuma ranar da ya ƙi ci hankalin mai shi ya tashi.

Macijin da ya yi fice a wannan harka ɗan yankinmu ne. Wata ƙaramar mesa ce marar dafi da masana kimiyya ke kira Python regius, wadda ake samu tun daga Senegal har zuwa Sudan da Yuganda, ciki har da Najeriya. Idan ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya. Ba kasafai tsawonta ke wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma tana iya shekara 30 a hannun mai kiwo.

Ƙasashen Togo da Benin da Ghana ne kan gaba wajen fitar da ita ƙetare. A garin Ouidah na Benin ma akwai wani gidan bauta da ake ajiye irinta ana girmama ta.

Duk da sanyin halinta, babban abin da masu kiwo ke kuka da shi guda ne: zaɓen abinci.

Me ya sa ake son sauya mata abinci?

Mesa ba ta cin komai sai nama, kuma haɗiye dabba take yi ɗungurungum. Masu ƙyanƙyasarta kan fara ta da ƙananan ɓeraye masu rai. Idan ta koma hannun wanda ya saya, yakan so ya mayar da ita kan ɓerayen da aka kashe aka daskarar a firiza.

Dalilin farko shi ne tsaron lafiyarta. Ɓera mai rai yana cizo, kuma idan aka bar shi a akwati da mesar da ba ta jin yunwa, shi ne zai koma gwaguyarta har ya yi mata mummunan rauni. Na biyu, daskararre ya fi sauƙin ajiya, mutum na iya sayen na wata da watanni lokaci guda. Na uku, tausayin ɓeran kansa, musamman a ƙasashe irin su Birtaniya inda dokar kare dabbobi ta 2006 ta haramta azabtar da dabba ba gaira ba dalili.

Akwai kuma sauyi daga ƙaramin ɓera zuwa babba. Mesar da ta girma, guda ɗaya na babban ɓera ya ishe ta, maimakon a riƙa jera mata ƙanana uku ko huɗu. Matsalar ita ce warin nau'o'in biyu ya bambanta, ita kuwa abin da ta saba da shi kawai take ɗauka a matsayin abinci.

Da harshe take sansana, da leɓe take jin ɗumi

Fahimtar yadda take farauta ne mabuɗin al'amarin. Harshen nan da take fiddawa tana mayarwa, wari take ɗebowa da shi daga iska ta kai wata gaɓa da ke dasashinta na sama. Sannan a leɓenta akwai wasu ƙananan ramuka da ke gano ɗumin jikin dabba ko a cikin duhu.

Saboda haka ɓeran da ya fito daga firiza da sanyinsa, a wurinta da shi da dutse duk ɗaya ne. Abin da masu kiwo ke yi shi ne su bar shi ya narke sarai a firji, sannan su saka shi a leda su tsoma a ruwan ɗumi har ya kai zafin jikin mai rai, wajen digiri 37 zuwa 38 a ma'aunin Salshiyas. Wasu kan ƙara hura masa iska mai zafi a ka da na'urar busar da gashi, domin kan ne ake so ta cafka. Ba a ɗumama shi a na'urar microwave, don takan dafa wani sashe ta bar wani da ƙanƙara.

Daga nan sai a riƙe shi da dogon hantsaki, ba da hannu ba, a ɗan motsa shi a gabanta kamar mai rai. Da dare ake yi, bayan an rage haske, domin lokacin ne take fita farauta. Idan ba ta kai sara ba, akan ajiye mata shi a bakin maɓoyarta a kwana, da safe a ɗauke a zubar idan yana nan.

Idan wari ne matsalar, akan goga sabon abincin a jikin tsohon, ko a birkiɗa shi cikin dusar katakon da ƙananan ɓeraye suka kwana a kai. Sannu a hankali ana rage warin har ta saba.

Wani lokacin laifin akwatin ne

Sau da yawa ba abincin ne ya hana ta ci ba. A daji, wuni take yi a ramukan ɓeraye da cikin suri, inda akwai duhu da ɗumi da danshi. Akwatin da ba shi da maɓoya yana sa ta zama cikin fargaba, kuma mesar da ke tsorace ba ta ci.

Maciji ba ya samar wa jikinsa ɗumi, don haka sanyi na hana shi narkar da abinci. Akan so ɓangare ɗaya na akwatin ya kai digiri 31 zuwa 33, ɗayan kuma ya tsaya wajen 25 zuwa 27.

Takan kuma ƙaurace wa abinci idan ta kusa saɓa, lokacin da idonta ke yin hazo-hazo, ko a lokacin barbara, musamman mazan. Babbar mesa mai lafiya na iya shafe watanni ba ta ci ba. Shi ya sa ake barin kwana biyar zuwa bakwai tsakanin gwaji da gwaji, kuma idan ta ci, ba a ɗaukarta sai bayan kwana biyu don kada ta amayar.

Abin lura shi ne nauyi. Masu kiwo kan ɗora ta a sikeli lokaci-lokaci. Idan ta zubar da kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinta, ko tana numfashi baki buɗe, ko majina na fita, to magana ta koma wurin likitan dabbobi. 'Yar jaririya kuwa ba ta jure dogon azumi kamar babba. Ɗura da ƙarfi ba aikin ɗan koyo ba ne.

Abincin gida da haɗarinsa

Wani bincike da masana Luca Luiselli da Francesco Angelici suka wallafa a 1998 kan irin wannan mesa a kudu maso gabashin Najeriya ya nuna cewa mazan sun fi cin tsuntsaye, matan kuma sun fi cin dabbobi dangin ɓera. Shi ya sa wasu kan gwada ɗan tsako idan komai ya ci tura.

Wasu kuma kan nemo ɓeran Afirka mai yawan nonuwa, Mastomys natalensis, wanda mesar ke matuƙar so. Sai dai idan ta ɗanɗana shi, da wuya ta sake kallon wani.

A nan ne mai karatu a Najeriya ya kamata ya yi hattara. Wannan ɓeran shi ne ke ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno. Waɗanda ake sayarwa a Turai kiwata su ake yi a killace. Kamo ɓeran gida ko na gona a bai wa maciji kasada ce ga mutum, kuma idan ɓeran ya ci guba, macijin ma ya tafi.

Amurka kanta ta ɗanɗana kuɗarta a 2003, lokacin da ƙyandar biri ta ɓulla bayan shigar da gafiyoyi da wasu dangin ɓera daga Ghana, abin da ya sa ta hana shigo da irin waɗannan dabbobi daga Afirka.

Ko daskararren ɓera da shi kansa macijin na iya ɗauke da ƙwayar Salmonella mai haddasa gudawa. Dole ne a wanke hannu da sabulu, kuma kada a narkar da ɓera a kwanon da ake cin abinci.

Duk wanda ya ɗauko wannan kiwo, ya sani doguwar tafiya ce. A 2020, wata mesa irin wannan a gidan namun daji na St. Louis da ke Amurka ta saka ƙwai bakwai tana da kimanin shekara 62. Dabbar da ke iya kaiwa wannan shekaru, makonni kaɗan na yajin cin abinci ba komai ba ne a wurinta. Mai ita ne ke buƙatar haƙuri.