Kwamfuta ashirin, lambar shaida ɗaya: yadda ake sauya SID idan an kwafi Windows

Duk wanda ya taɓa haɗa kwamfutoci da yawa a shagon kafe, ko a ɗakin kwamfuta na makaranta, ko a cibiyar rubuta jarrabawar JAMB, ya san wahalar ɗora Windows ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa masu gyara suka fi son gajeriyar hanya: a shirya kwamfuta guda tsaf, a sa mata duk manhajojin da ake buƙata, sannan a kwafe ma'adanarta gaba ɗaya da manhaja irin su Clonezilla ko Macrium Reflect, a juye wa sauran. Aikin kwana uku sai ya koma na yini ɗaya.

Sai dai kwafar ba ta barin komai a baya. Tana ɗauko manhajoji da saituna, tana kuma ɗauko lambar shaidar kwamfutar ta asali, wadda ake kira SID. Shekara da shekaru ana yin haka ba tare da an ga illa ba. Daga ƙarshen Agustan 2025 labari ya sauya, domin sababbin nau'o'in Windows sun fara ƙin yarda da juna idan lambarsu ɗaya ce.

Mece ce SID?

Idan kana amfani da wayar hannu ka san lambar IMEI, wadda kowace waya ke da tata. SID ma kusan haka take, sai dai ita ba a jikin na'ura take ba, a cikin Windows take. Lokacin da ake ɗora Windows ne manhajar ke ƙirƙiro wa kwamfutar wata doguwar lamba. Tana farawa da S-1-5-21, sai rukunin lambobi uku dogaye su biyo baya. Waɗannan rukunai ukun su ne shaidar kwamfutar.

Kowane asusu da aka buɗe a kwamfutar yana gadon wannan lamba, sai a ƙara masa 'yar gajeriyar lamba a ƙarshe. Asusun Administrator da ke zuwa tare da Windows kullum 500 ne, na Guest 501, asusun da mutane ke buɗewa kuma daga 1000 suke farawa zuwa sama.

Abin lura a nan shi ne, Windows ba ta damu da sunanka ba. Ko ka sa wa asusunka Musa ko Zainab, idan ta zo duba wanda ke da izinin buɗe wani fayil, lambar take dubawa. Don haka sauya wa kwamfuta suna bayan kwafa ba ya sauya SID ko kaɗan. Riga ce kawai aka canza, mutumin yana nan.

Don ganin taka, buɗe Command Prompt ka rubuta:

whoami /user

Cire rukunin lambobi na ƙarshe, abin da ya rage shi ne lambar kwamfutar, matuƙar asusun da ka shiga da shi na kwamfutar ne, ba na uwar garken ofis ba. Yi haka a kwamfuta biyu ka kwatanta. Idan sun zo daidai, to tagwaye ne.

Me ya sa a da ba a damu ba?

A 1997, Mark Russinovich da Bryce Cogswell na Sysinternals sun fitar da wata 'yar manhaja mai suna NewSID, wadda aikinta shi ne sauya lambar bayan an yi kwafa. Ta yi farin jini sosai a wajen masu kula da kwamfutocin ofisoshi. Kamfanin Microsoft ya sayi Sysinternals a 2006, sai kuma a watan Nuwamban 2009 aka janye NewSID. Russinovich da kansa ya yi dogon bayani cewa kwamfutoci masu lamba ɗaya ba sa cin karo a hanyar sadarwa, domin idan wata ta nemi shiga wata, suna da kalmar sirri ake tantancewa, lambar ba ta fita waje.

Mutane da yawa sun riƙe rabin maganar suka bar rabi. Ko a wancan bayani an jaddada cewa dole a bi ta Sysprep kafin a kwafi Windows, saboda ba SID kaɗai ke bambanta kwamfuta da 'yar'uwarta ba. Akwai wasu lambobin shaida, kamar wadda uwar garken raba sabuntawa ta WSUS ke gane kowace kwamfuta da ita. Idan suka zama iri ɗaya, kwamfutoci da yawa sai su riƙa bayyana a matsayin guda.

Me ya sauya a 2025?

Sabuntawar da Microsoft ya fitar daga 29 ga Agustan 2025, da ta 9 ga Satumba mai lamba KB5065426, sun ƙara tsaurara tsaro a Windows 11 nau'in 24H2 da 25H2, da kuma Windows Server 2025. Yanzu idan kwamfuta biyu masu SID ɗaya suka zo tantance juna, Windows na toshe hanyar.

Alamomin suna da ruɗarwa. Za ka nemi buɗe foldar da aka raba daga wata kwamfuta, a tambaye ka kalmar sirri, ka sa daidai, a ce ba ita ba ce. Remote Desktop ya ƙi haɗuwa. Firintar da aka jona wa kwamfuta ɗaya, kowa ke tura mata aiki, ta daina amsawa. Mai shago sai ya zargi waya ko rauta, ya sayo sabuwa, matsala na nan daram, kwastomomi kuma suna tsaye da takardunsu a hannu.

Don tabbatarwa, rubuta winver ka ga nau'in Windows ɗinka. Sannan buɗe Event Viewer, shiga sashen System, ka nemi saƙo mai lamba 6167 daga LsaSrv. Idan yana nan, kuma lambobin kwamfutocin biyu sun zo ɗaya, ka kama ɓarawonka.

Hanyar da ta dace: Sysprep kafin kwafa

Rigakafi ya fi magani. Sysprep na cikin kowace Windows, ba sai ka sauko da komai ba, kuma ita ce hanyar da Microsoft ya amince da ita. Ga yadda ake yi:

1. Ɗora sabuwar Windows a kwamfutar da za ta zama uwa. Da ta kai shafin farko da ake zaɓen ƙasa, danna Ctrl da Shift da F3 tare. Za ta sake tashi ta shigar da kai yanayin Audit, inda za ka yi aiki ba tare da buɗe asusu ba.

2. Sa manhajojin da kake so kowace kwamfuta ta samu. Kada ka shiga da asusun Microsoft, kada kuma ka sauko da komai daga Microsoft Store.

3. Tabbatar BitLocker a kashe yake.

4. Buɗe Command Prompt da ikon Administrator ka rubuta:

C:\Windows\System32\Sysprep\sysprep.exe /generalize /oobe /shutdown

Kalmar generalize ce ke goge SID da sauran bayanan da suka keɓanta da wannan kwamfuta. Ta biyun na sa duk kwamfutar da aka juye wa ta tashi kamar sabuwa dal daga kwali. Ta ukun na kashe ta idan an gama.

5. Bayan ta mutu, kada ka bari ta tashi cikin Windows. Tashe ta daga filashin da ke ɗauke da manhajar kwafa, ka ɗauki kwafin a lokacin. Idan ta riga ta shiga Windows, ta ƙirƙiri sabuwar lamba ke nan, sai ka maimaita mataki na huɗu.

Duk kwamfutar da aka juye wa wannan kwafi za ta samar da lambarta da kanta a tashin farko.

Idan Sysprep ta tsaya da saƙon kuskure, duba fayil ɗin setupact.log da ke cikin foldar Panther, a nan inda Sysprep take. Galibi za ka tarar da sunan wata manhajar Store da aka sa wa asusu ɗaya kaɗai. Cire ta, ka sake gwadawa.

To idan an riga an kwafa fa?

Nan ne ake buƙatar natsuwa. Ba duk kwamfutocin ne sai an taɓa ba: ɗaya na iya riƙe tsohuwar lambar, sauran ne za su sauya. Mafi tsafta shi ne a kwashe fayilolin mutane zuwa wata ma'adana, a haɗa sabon kwafi ta hanyar da aka bayyana a sama, a sake juye wa kowace.

Wasu kan kunna Sysprep kai tsaye a kan kwamfutar da aka daɗe ana aiki da ita. Yakan yi aiki, amma ba don haka aka yi ta ba. Saituna na iya ɓacewa, kalmomin sirrin da burauza ta adana na iya tafiya, fayilolin da aka kulle da tsarin EFS kuma na iya ƙin buɗuwa. Kada ka fara sai ka adana komai a waje, ka kuma rubuta lambar ceto ta BitLocker a takarda.

Ka guji tsohuwar NewSID da har yanzu ake samu a wasu shafuka. An yi ta ne tun kafin zamanin Windows 10 da 11, kuma tana iya lalata su har kwamfuta ta ƙi tashi. Haka ma shiga Registry don gyara lambar da hannu: tana rubuce a wurare masu ɗimbin yawa, har da izinin kowane fayil.

Wa wannan bai shafa ba?

Idan laftof ɗinka ɗaya ce, ka kwafe tsohuwar ma'adanarta zuwa SSD don ta ƙara sauri, bar lambarka yadda take. Kwamfuta ɗaya ce ta sauya ɗaki, babu tagwaye. Matsala na tasowa ne idan kwafi biyu ko fiye suna aiki lokaci guda kuma suna neman juna. Wannan ya haɗa da masu koyon aiki da ke kwafar Windows a cikin VirtualBox ko VMware don gwaji.

Masu Linux ma suna da irin tasu. Lambar tana cikin fayil ɗin /etc/machine-id, kuma a Ubuntu Server kwafi biyu masu lamba ɗaya kan iya karɓar adireshin IP iri ɗaya daga rauta. Ana share abin da ke cikin fayil ɗin kafin kwafa, tsarin ya samar da sabuwa a tashi na gaba.

Idan za ka ba mai gyara aikin haɗa maka kwamfutoci da yawa, tambaya ɗaya ta isa: ka bi ta Sysprep kafin ka kwafa? Kafin ka biya shi kuma, rubuta whoami /user a guda biyu daga ciki, ka ga amsar da idonka.