Daga Tarabulus zuwa Kano: ƙasar da Barth ya ratsa

A watan Maris na 1850 Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdul Karim, ya bar Tarabulus tare da James Richardson da Adolf Overweg. Sai a Fabrairun 1851 ya shiga Kano. Hanyar ba sabuwa ba ce, fatake sun daɗe suna binta, amma shi ya riƙa rubuta duwatsu da itatuwa da namun dajin kowane zango.

Wanda ya ɗauka Sahara rairayi ce zalla, wannan hanya za ta gyara masa tunani. Kafin garin Murzuk akwai Hamada al-Hamra, tudu shimfiɗaɗɗe na jan dutse da tsakuwa, inda ayari kan yi kwanaki bai ga rijiya ba. Kusa da garin Gat kuwa tsaunuka ne tsirara. A can Barth ya hau dutsen Idinen shi kaɗai, ya ɓata, ƙishirwa ta kai shi ga tsotsar jininsa, har wani Buzu ya tsinto shi.

A wani kwari tsakanin Murzuk da Gat ya ga shanu sassaƙe jikin dutse, a wurin da saniya ba za ta rayu ba yau. Masana sun tabbatar daga baya cewa daga kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce Sahara na da ciyawa da tafkuna, domin damina kan kai arewa nesa fiye da yanzu. Sauyin yadda duniya ke kewaya rana ne ya janye ruwan sannu a hankali.

Abzin ta ba shi mamaki. Ya iso da damina, ya ga busasshen kwari ya cika da ambaliya cikin ɗan lokaci. Duwatsun kan tattara ɗan ruwan da ya sauka su zuba shi cikin ƙoramu, shi ya sa goriba da gawo irin na kudu ke samun gindin zama a tsakiyar hamada. Daga nan ya bi ayarin gishiri zuwa Damargu, rumbun geron Abzinawa.

Abin da ya fi damuna shi ne filin da ke tsakanin Abzin da Damargu. Barth ya same shi mazaunin raƙuman dawa da mariri da jimina. Yau kusan babu su a can, kuma wannan rashi ba na dubban shekaru ba ne. Bindiga da mota da fari ne suka share su. A 2000 aka ayyana cewa mariri ya ƙare a daji, sai a 2016 aka fara sake shi a Chadi. Raƙuman dawan Afirka ta Yamma kuwa 49 suka rage a 1996, a yankin Kure kusa da Yamai. Kariyar da aka ba su ta sa sun haura 600, kuma a 2018 aka mayar da 8 dajin Gadabeji.