Kafin ka zuba jikkunanka a kan jita: abin da ya sa muka fi son ƙarama

A cikin shirin matasa da muke gabatarwa a gidan rediyo, wani saurayi ya bugo mana waya kwanakin baya daga wani ƙauye na karkarar Bande, muryarsa kamar zai yi kuka. Ya ce rani guda ya yi yana aikin rake a fadamar Korama yana tara kuɗi, da suka taru ya damƙa wa wani direba mai zuwa Kano ya sayo masa jita, wato gitar kamar yadda 'yan lakwal ke faɗi. Sharaɗi ɗaya kawai ya gindaya wa direban, shi ne ta zama babba. Aka kuwa kawo masa babbar. Yau wata huɗu ke nan, kafaɗarsa ta dama na ciwo, yatsunsa sun kasa danne tsirkiya, kuma da hunturu ya kama sai ga tsaga ta bayyana a fuskar katakon. Tambayarsa ita ce, shi ne ba shi da baiwa, ko kuwa cutarsa aka yi?

Mun ba shi amsa a gurguje domin lokacin shiri ba ya jira, amma abin ya tsaya mana a rai, saboda ba shi kaɗai ba ne. Daga Magarya zuwa Dungas, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, da wuya ka zaga fadojin samari da dare ba ka tarar da inda ake shan shayi ana sauraren kiɗan jita a salula ba, kuma a cikin masu sauraren akwai mai mafarkin riƙe tasa. Kanti kuwa na kayan kiɗa ba abu ba ne da muke da shi a bakin ƙofa. Damagaram na da nisan kimanin kilomita 90 daga Magarya, Yamai kuma tafiya ce ta yini guda cur a mota, shi ya sa yawancin masu saye ke tsallaka iyaka ta Tinkim su bi ta Ɓaɓura su nufi Sabon Garin Kano, ko kuma su yi saƙo. A nan ne ake faɗawa rami, domin wanda aka aika ba jikinsa ne zai rungumi abin ba.

Bari mu fara da inda wannan babbar ta samo asali. Kamfanin Martin na ƙasar Amurka ne ya fara ƙera ta a 1916, ya kuma soma sayar da ita da sunansa a 1931. Sunan da aka laƙaba mata, Dreadnought, na wani ƙaton jirgin ruwan yaƙi ne na Ingila da aka ƙaddamar a 1906, ka ji tun daga suna an san ba abin wasa ba ne. An yi ta ne don ta yi ƙara a cikin taron makaɗa, a zamanin da lasifika ba ta wadata ba. Faɗin ƙugunta ya kai santimita 40, kaurin cikinta kuma wajen santimita 12. Ba'amurken da ke tsaye a dandali ya rataya ta da maɗauri ba ta dame shi ba. To amma mu fa? Mu a tabarma muke zama, ko a benci, ko a kujerar roba mai hannuwa. In ka zauna a ƙasa ka ɗora wannan akwati a cinya, dole hannunka na dama ya haura samansa kamar mai rungumar randa, kafaɗa ta ɗage, baya ya karkace. Minti ashirin sun isa ka ajiye ta, kuma jitar da ake ajiyewa bayan minti ashirin ba ta koya wa kowa kiɗa.

Kafin wannan ƙatuwar ta cika duniya, ƙananan su ne jita. Waɗanda Martin ke yi wa lamba 0 faɗinsu bai wuce santimita 34 ba, masu lamba 00 kuma wajen 36, ga ƙugu a tsuke yadda yake zama daram a kan cinya. Yau ma kamfanoni sun dawo gare su. Taylor ya fito da Baby Taylor a 1996 da GS Mini a 2010, kuma mawaƙin nan na Ingila Ed Sheeran da 'yar ƙaramar Little Martin ya yi suna, har ya riƙa cika manyan filaye da ita. Ba muna cewa ka je neman waɗannan ba, kuɗinsu ya fi ƙarfin mai aikin rake, kuma mafi yawan abin da ke kasuwanninmu kirar Sin ce ko ta Indonesiya. Muna kawo su ne domin a daina kallon ƙaramar jita a matsayin ta yara.

Mu Hausawa ma bai kamata a yi mana wannan dogon bayani ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da me ya zaga duniya? Da kuntigi, ɗan gwangwani da aka rufe da fata, mai tsirkiya ɗaya tak. Malam Mamman Barka, ɗan Taskar a nan jiharmu ta Damagaram, malamin makaranta ne da ya yi suna da gurmi tun kafin ya je bakin tafkin Cadi ya koyo biram, ya rasu a 2018. Gurmi nawa yake? Ɓarin duma ne da sanda. Garayar mafarauta da molo duk abin ratayawa ne a kafaɗa a shiga daji. Iyayenmu sun auna kayan kiɗansu da jikin mutum da kuma tafiyar da zai yi da su, mu ne muka zo muna auna su da ido.

Yanzu ga abin da muka fi son mai karatu ya riƙe, kuma a nan za mu ɗan daɗe. Girman akwati rabin magana ne, sauran rabin yana ga tsawon tsirkiya, wato daga inda ta tashi a kan wuya zuwa jaki, wannan ɗan abin da ke tallafe da ita a fuskar jita kamar dai jakin goge. A cikakkiyar jita tsawon nan santimita 65 ne ko kusa da haka. A wadda ake kira uku bisa huɗu, kamar Yamaha CS40, santimita 58 ne. Wani zai ce santimita bakwai me za su yi? Suna yin abu biyu. Na farko, ƙarafan da ke jere a wuya suna matsowa kusa da juna, ɗan ƙaramin yatsa ya kai inda ake so ba tare da an yage hannu ba. Na biyu, wanda ya yi aji na ƙarshe a lise zai tuna darasin kimiyya, in tsirkiya ta gajarta ba ta bukatar ɗauri mai tsanani kafin ta ba da murya iri ɗaya. Daga 65 zuwa 58 ɗaurin na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma yatsan ɗan koyo yana jin wannan bambanci tun daren farko. Auna shi ba wuya. Ka ari tef ɗin tela ka tafi da shi kasuwa, ka auna daga farkon tsirkiya zuwa ƙarfe na 12, ka ninka biyu, domin ƙarfe na 12 shi ne tsakiyar tsirkiya daidai.

Tun da kana wurin ƙarfe na 12, kada ka ɗaga. Duba ratar da ke tsakanin tsirkiya mafi kauri da kan ƙarfen. A jita mai tsirkiyar ƙarfe, milimita biyu da rabi zuwa uku ya isa, wato kaurin tsinken ashana da ɗan ɗoriya. A mai tsirkiyar roba ana barin wajen milimita huɗu. In ka ga rata har fensir na neman shiga, ajiye ta ko da kyauta aka ba ka, wuyanta ya riga ya sunkuya. Mun tabbata wannan ne ya kashe wa saurayinmu na Bande yatsu, ba rashin baiwa ba. Sannan ka kaɗa tsirkiya a sake, ka danne ta a ƙarfe na 12 ka sake kaɗawa. Murya ta biyu dole ta zama ita ce ta farko sak, sai dai ta fi ta siranta. In ta kauce, to duk yadda ka murɗa kunnuwa jitar nan ba za ta taɓa daidaita ba, kuma kai ne za a riƙa yi wa dariya a fada.

Maganar ƙarfe ko roba, mun san samari ƙarfe suke so, domin shi ke ba da wannan amo mai kaifi irin na makaɗan Agadas. Ba mu hana ba. Sai dai a sani, tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan jita da nauyin da ya kai kilo 70, na roba kuwa wajen rabin haka. Roba ta fi taushi a yatsa, amma wuyan jitarta ya fi faɗi, milimita 52 a cikakkiya maimakon 43 na mai ƙarfe, saboda haka mai ƙaramin hannu ya gwada duka biyun kafin ya yanke. A nan za mu tona wa kanmu asiri. Shekarun baya mun sayi wata 'yar jita mai roba a hannun wani ɗan gwanjo, tsirkiya biyu suka tsinke, muka nema muka rasa, sai wani mai shago ya ce mana ai duk ɗaya ne, muka ɗaura mata na ƙarfe. Kwana tara ta yi tana daɗi. A na goma muna zaune da rana muka ji ƙara kamar an fasa ƙwarya, ashe jakin ne ya ɓalle ya tafi da fatar katakon. Jita mai roba ba a ƙera ta don ɗaukar wannan nauyi ba, yawancinsu ma babu sandar ƙarfen nan da ake sakawa cikin wuya. Don haka duk wanda ya je saye, ya haɗo da tsirkiya saiti biyu irin nata tun daga can. An rufe iyakar nan daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma wanda tsirkiyarsa ta tsinke a lokacin ya san abin da muke nufi.

Saura hunturu, babban abokin gabar katako. Masu ƙera jita suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A ƙasarmu in iskar gabas ta taso daga Disamba zuwa Fabrairu, laima kan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana. Abin da ke faruwa da leɓɓanmu da dugaduganmu shi ke faruwa da jita. Abin mamaki a nan shi ne mai tsada ta fi saurin tsagewa, domin fuskarta katako ne tsantsa mai numfashi, ita kuwa mai araha falle-falle ne aka manne, kowane falle ya gitta wa ɗan'uwansa, sai su riƙe juna. Masana za su ce tsantsar ta fi daɗin murya, gaskiyarsu, amma ga wanda zai ɗora ta a bayan kabu-kabu daga Dungas zuwa Dogo-Dogo cikin yashi da rana, mu mannanniyar muke ba shi shawara. Ko wacce ka saya, ka nema mata jaka. In sanyi ya shigo, ka jiƙa soso ka matse shi sarai, ka sa a gidan sabulu mai huji, ka jefa cikin jakar ka zuge. Kada ka jingine ta a bangon ɗakin kwano, kada ka bar ta a mota, domin zafi na narkar da gam. Da damina kuma ka fitar da soson, ka riƙa goge tsirkiya da tsumma bayan kiɗa saboda tsatsa.

Akwai abin da ƙarama ba ta iyawa, gara mu faɗa kada a ce mun yi talla. Ba ta da kaurin murya irin na babba, kuma in aka haɗa ta da kalangu a filin biki ba za a ji ta ba sam. Mai son dandali sai ya nemi mai shiga lasifika. Amma ɗan koyo ba dandali ne gabansa ba, zaure ne da dare, inda ma ba ya son maƙwabta su ji. Kada mu ɓoye, a gidaje da yawa na ƙasar nan har gobe ana yi wa mai riƙe da kayan kiɗa kallon maroƙi, kuma mun san 'yan mata 'yan lise da ke sha'awar abin amma ba su iya ratsa unguwa da ƙatuwar jita a baya. Mdou Moctar, wanda yau ake jin sa har Amurka, a gidan da ba a son kiɗa ya tashi, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad da jitar ɗan'uwanta ta koya wa kanta. Ba mu ce yaro ya saɓa wa iyayensa ba, a zauna a yi magana ya fi, amma 'yar ƙarama da ke shiga jaka tana rage surutun hanya.

Zuwa da kai ya fi saƙo. In ka isa kanti, kada ka gwada ta a tsaye gaban madubi. Ka nemi tabarma ko benci ka zauna yadda kake zama a gida, ka ɗora ƙugunta a cinya, ka saki kafaɗa, ka riƙe ta minti goma ko da mai kanti na hararar ka. Ka shafa gefen wuya ka ji ko bakin ƙarafan na yanka, ka leƙa bayan jaki ka ga ko ya fara ɗagawa, ka murɗa kowane kunne ka ji ko yana zamewa. In kuwa dole sai saƙo, to ka rubuta wa ɗan aiken lambobin nan a takarda, 58 zuwa 63 na tsawon tsirkiya, faɗin ƙugu kada ya wuce 38, ka haɗa masa da tef da tsinken ashana.

Shi kuwa saurayinmu, mun haɗa shi da wani kafinta a Magarya da ya cike tsagar da gam ya kuma rage tsayin jakin da fayil, ta ɗan yi dama. Ya ce in ya sami mai saye a cikin masu kiɗan biki zai sallama ta, ya cika da kuɗin gyaɗar bana ya je Kano da ƙafarsa. Ya tambaye mu ko zai iya zuwa gidan rediyo ya gwada tamu tukuna, muka ce ya zo ranar kasuwa bayan la'asar.