Karen Zango: Mai Gadin da Ba a Yi wa Sannu

An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Karen Nima, unguwar Zango a Accra, yana da hujjar faɗin haka. Ana suna, ana ɗaurin aure, ana saukar karatu, tukwane na tafasa tun daga bakin titi har cikin lungu, shi kuwa yana kwance a gefen kwata, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa yana jiran dare. Sai an rufe shaguna, masu shayi sun kife kofuna, sannan unguwa ta zama tasa. Jaja-jaja ne, launin ƙasa, mai gajeren gashi da tsayayyun kunnuwa da wutsiya a naɗe bisa gadon baya. Da wuya ka ji wanda zai ce nasa ne, amma idan ya yi haushi da ƙarfe biyun dare, kowa a layin sai ya farka ya kasa kunne.

Nima kanta da dabbobi ta fara. A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya samu filin daga hannun mutanen Osu, aka riƙa tsare shanu a wurin kafin a kai su kasuwa. Yau gidaje sun cinye makiyayar, sun haɗe da na Maamobi, babbar kwata ce kawai ta raba su, amma kiwo bai bar jinin mutane ba. Akwai raguna a ɗaure a soro, akwai awaki a lungu, akwai tantabaru a kan rufi, kuma kowace dabba da mai ita. Kare ne kaɗai ake cin moriyarsa ana kuma kunyar a ce an san shi.

Ana jingina wannan ƙyama da addini, don haka ya kamata a faɗi abin da ke cikin littattafan da malaman Zango suke karantarwa. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muka tashi a kanta, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, kuma wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne na ibada. Hadisi ya yi rangwamen ajiye shi don farauta da kiwo da tsaron gona, ya kuma gargaɗi mai ajiye shi ba dalili da tauyewar lada, sannan malamai da yawa suka yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗancan ukun. Masu sharhin Risala suna kawo labarin mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, cewa da katangar gidansa ta faɗi sai ya ajiye kare. Aka tuna masa cewa Imamu Malik bai so haka ba, ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki zai ajiye. Karen Ashabul Kahfi yana cikin surar da muke karantawa duk Juma'a, yana miƙe a bakin kogo. Kuma yaran makarantar allo sun san labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi.

Hanya biyu ke nan a buɗe: ko ka bar kare inda ka gan shi, ko ka ɗauke shi don buƙata ka sauke haƙƙinsa. Abin da ya fi yawa a unguwanninmu shi ne ta ukun, wadda babu malamin da ya halatta ta. Yaro ya tsinto kwikwiyo, a yi wasa da shi wata biyu, ranar da ya lashi butar alwala maigida ya daka tsawa, "Kai, fitar min da abin nan daga gida!" Shi ke nan an ƙara wa kwata ɗan haya, ba allura, ba mai shi, kuma a tsakiyar yaranmu zai girma.

Wanda ya yi niyyar riƙo da gaske, haƙurinsa na farko shi ne ya bar kwikwiyo wurin uwarsa. Karya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 63, ta haifi 'ya'yanta ido a rufe, kunne a toshe, ba sa ma iya riƙe ɗumin jikinsu sai sun cunkushe a cikinta. Idon yana buɗewa tsakanin kwana 10 da 14. Dakashin da suka sha a ranar farko shi ne garkuwarsu daga cuta na makonni. Yara sukan ɗauke su da zarar sun fara tafiya, suna da mako uku ko huɗu, kuma yawancin waɗannan ba sa kai labari. A jira mako takwas. A cikin wannan lokacin ne yake koyon abin da mutum ba zai iya koya masa ba: in ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi a wajen wasa, wancan ya yi ƙara ya daina wasan, da haka yake sanin iyakar haƙorinsa. Ranar ɗauka a ɗaga leɓensa a duba dasashi. In ja ne mai haske, lafiya. In fari ne fat ga ciki a kumbure, tsutsa ta riga ta sha jininsa.

Sai zaɓin iri. Samari suna ganin Boerboel da Caucasian da German Shepherd a Facebook da TikTok, ransu ya biya. Boerboel na Afirka ta Kudu yana iya haura kilo 60, kuma cikinsa bai san an yi ƙarin kuɗin masara ba. Caucasian kuwa an yi gashinsa ne don duwatsu masu ƙanƙara, kulle shi a kejin ƙarfe cikin zafin watan Maris na Accra zalunci ne ko da an saye shi da tsada. Mai ɗaki ɗaya a gidan haya da ya kawo irin wannan, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Ni dai karen gida nake ba kowa shawara. Ya saba da zafin, ya fi jure cututtukan ƙasar, ɗan abinci ya ishe shi, kuma wajen gadi ba a fi shi ba. Hancinsa yana da ƙwayoyin jin ƙamshi ɗaruruwan miliyoyi, inda namu ba su wuce kimanin miliyan 6 ba, kunnensa kuma yana kama siririyar ƙarar da ba ta isa kunnen mutum. Idan tsofaffi suka ji shi yana haushi a lungun da babu kowa sukan ce aljanu ya gani. Sau da yawa ɓera ne a cikin kwata, ko takun baƙo a bayan katanga uku.

Wajen ciyarwa ne ake yawan kashe kwikwiyo da kyakkyawar niyya. Ana zuba masa ragowar waakye da shito, alhali albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare a hankali, ko ɗanye ko dafaffe. Ana ba shi madarar gwangwani da sukari, ya kama zawo. Ana jefa masa ƙashin kaza da aka soya, ya tsage ya zama tsinke a hanjinsa. Cakulan guba ne gare shi, haka ma goro, domin sinadaran da ke wartsake Alhaji a cikinsa jikin kare ba ya iya fitar da su da wuri. Kifi mai gishiri irin koobi ba nasa ba ne. Abin da yake so ba shi da tsada: shinkafa ko tuwon masara da aka dafa ba yaji, a haɗa da ƙananan busassun kifi da aka daka, ko dafaffen ƙwai, ko guntattakin nama daga wurin mahauta a kasuwar Nima, da ɗan ganye. Koko zalla ba ya gina ƙashi. Ƙarami ya ci sau huɗu a rana har wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu. Ruwa kuma kada ya yanke a kwanonsa, kwanon da yake nasa shi kaɗai, wanda hakan ma ya raba gardamar tsarki a gida.

Da Babbar Salla a kula. Idan aka feɗe rago aka ga hanta ko huhu da ƙulli mai ruwa a ciki, hannu yakan kai ga jefa wa kare. Wannan ƙullin 'ya'yan tsutsa ne a cikinsa, suna girma a hanjin kare, ƙwansu ya fito a kashinsa, ya koma jikin yaron da ke wasa a ƙasa. A binne shi da zurfi ko a ƙone, sauran kayan cikin kuma a dafa kafin a ba shi.

Makwanci a Zango magana ce ta zaman tare kafin ta zama ta katako da kwano. Gidan da iyali goma ke shanya a igiya ɗaya, ana shimfiɗa darduma a tsakar gida, ba a kawo masa kare sai an nemi yardar mai gida da ta maƙwabtan ɗaki. In an samu, a ware masa kusurwa nesa da wurin alwala da murhu, mai inuwa, iska na ratsawa. Kare ba ya gumi sai ta tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi, don haka ɗakin kwano da rana ke duka tun hantsi yana iya kashe shi kafin la'asar. A ɗaga daɓen daga ƙasa saboda ruwan watan Yuni, wanda mutanen bakin kwata suka san yadda yake shigowa gida ba sallama. Daɓen siminti ya fi rairayi, domin akwai ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa, tsutsarsa ta huda fatar kwikwiyo ta zauna kamar maruru. In an gani, a toshe bakin da man basilin, za ta leƙo a matse ta. A duba kunne da tsakanin yatsu saboda kaska. Ƙazuwa kuma maganinta na wurin likitan dabbobi. Baƙin man mota da maganin feshin gona da ake shafa musu ƙona fata suke yi, kare ya lasa ya mutu, kamar yadda ƙwayar ciwon kai ta mutane ke lalata masa hanta da ƙoda.

Ba na son gajeriyar sarƙa. Wasu sun ɗauka ɗaurin dare da rana da yunwa su ke sa kare zafi. Suna sa shi tsoro ne, kuma matsoracin kare ba ya bambanta ɓarawo da yarinyar da aka aiko da tuwo. A sake shi cikin gida in an kulle ƙofa, a fita da shi da igiya bayan asuba kafin titi ya cika, a bar shi ya san mutanen gidan tun yana ƙarami. Halin ɗauke-ɗauke ma tun farko ake tare shi, tunda in ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi. Tsawa ɗaya a daidai lokacin ta fi duka bayan an gama ɓarna, wanda ba zai san dalilinsa ba.

Akwai tatsuniyar da ake ba yara daga nan har Kano, ta jaki da akuya da kare da suka shiga mota. Jaki ya biya kuɗinsa cif, shi ya sa ba ya kauce wa mota a hanya. Akuya ta sulale ba ta biya ba, shi ya sa take arcewa. Kare ya biya ba a ba shi canji ba, har gobe yana bin kowace mota yana haushi. A zahiri dai mota tana wahalar da shi, musamman ƙarami, wanda jiri ke sa shi amai. Ba a fafe gora ranar tafiya: a saba masa da kwandon roba mai murfi ko kwali mai huji tun a gida, a shimfiɗa tsumma, a hana shi abinci awa uku kafin a tashi, a fita da sassafe. Kada a cusa shi a buhu, kada a rufe shi a but, kada a bar shi a motar da aka kulle a rana ko na ɗan shiga banki ne. A trotro, motar haya ta jama'a, akwai mai tsarkin tufa da zai wuce masallaci, haƙƙinsa ne kada a goga masa kare, don haka tasi ta fi, bayan an gaya wa direba gaskiyar abin da ke cikin kwalin. Doguwar tafiya zuwa Kumasi ko Tamale tana buƙatar tsayawa a ba shi ruwa. Mai ƙetare iyaka ta Aflao ko Paga kuma ya nemi takardar izini daga hukumar kula da lafiyar dabbobi, ya riƙe katin rigakafi a hannu.

Tafiyarsa ta farko ta zama zuwa wurin likita, asibitin dabbobi na gwamnati da ke La ko wani na kusa. Maganin tsutsa ana fara shi tun yana mako biyu. Allurar cutar amai da zawon jini, wadda ke share kwikwiyoyi gida guda cikin kwanaki, ana fara ta daga mako shida zuwa takwas a kuma maimaita, kuma kafin a kammala kada a bar shi ya taka titi. A can ne kuma za a yi maganar aikin hana haihuwa, maimakon a riƙa zubar da 'ya'ya a bola sau biyu a shekara.

Da ya cika wata uku sai allurar haukan kare, a riƙa sabunta ta yadda likita ya rubuta a kati. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana babu magani, alhali rigakafinta yana nan tun 1885 da Louis Pasteur ya gwada shi a kan wani yaro a Faransa. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar tana yankewa, abin da ya sa karen da ba shi da mai shi ya zama matsalar kowa. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ita a duniya, kuma a irin lokacin akan yi gangamin allura, ya dace limamai da sarakunan Zango su riƙa shelarsa.

In kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, a wuce asibitin Maamobi ko wanda ya fi kusa a ranar, komai ƙanƙantar ciwon. Ƙona gashin karen a shafa, ko ɗaura ganye, ba ya taɓa ƙwayar cutar. Kada kuma samari su bi shi da duwatsu su kashe. A tsare shi, a sanar da likitan dabbobi, a sa masa ido kwana goma, domin halin da ya shiga a kwanakin nan shi zai nuna wa likitoci ko a ci gaba da alluran yaron ko a dakata.